Zama Har Shayi Ya Tafasa

Majo, don girman Allah ka taimake ni da amsa kafin watan nan ya ƙare, domin ran biyar ga watan gobe ana jirana a bakin wata rijiya, ni kuwa har yanzu ban san ko in je ko in zauna ba. Kai na zaɓa in rubuta wa saboda an ce ka yi shekara talatin kana aikin majo, babban mai jinya, a likita a nan Tawa kafin ka huta ka kama wannan fili na jarida. Ka ga ciwo iri-iri, kuma ba ka san fuskata ba, wannan ma wani sauƙi ne a gare ni. Ka yi haƙuri da rubutuna. Da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, hannun da ya saba da dagi bai cika bin layi ba.

Ni mai haƙar rijiya ne, haka ubana, haka kakana. In ka bi hanyar Kalfu ka yi arewa, akwai rijiyoyi goma sha ɗaya da ni na fara taka ruwansu kafin kowa ya sha. Ta goma sha biyu ce ta gama da ni, yau shekara huɗu da wani abu. Mun kai gaba goma sha bakwai, ina duƙe ina cika guga, sai gefe guda ya zabge, wani dunƙulen marmara ya sauko mini a ƙugu. Ƙanena Sabo ne ya shiga ya ɗaura mini igiya aka jawo ni. Na yi wata biyu kwance a likita. Lokotoro, babban mai duba marasa lafiya na wurin, ya ɗauki hoton ƙashin, ya ɗaga shi a haske ya nuna mini, ya ce ya haɗe sarai. To, ƙashi ya haɗe, amma ba wanda ya gaya wa ciwon, yana nan inda yake har yau.

Ba sai na lissafa maka abin da na sha ba, ka san halinmu. Allura an yi mini, ƙwayoyi na haɗiya har cikina ya fara ƙuna, wanzami ya yi mini ƙaho sau shida, an yi mini sakiya da ƙarfe mai zafi, tabon yana nan. Sassaƙe kuwa, in da ɗacin itace yana gyara ƙugu da yanzu ina tsere da doki. Kowane ɗaya sai ya yi mini kwana biyu kamar da gaske, sa'an nan mu koma gidan jiya. Abin da ya fi ciwon muni shi ne halin da ya sa mini. Na zama mutumin da in aka ajiye kwano da ƙarfi sai ya tashi da faɗa. Matata Rakia, wadda da sana'ar furarta muke ci tun da na kwanta, ta sha masifa ba laifin tsaye ba na zaune. Ina rubuta maka wannan ina jin kunya.

Bara waccan, da fari ya cinye dabbobin arewa mutanensu suka sauko suka kafa tantuna a bayan gari, na haɗu da wani dattijon Buzu mai suna Attaher. Raƙumansa duk sun mutu, ya koma tufkar igiya da kaba yana sayarwa a gindin wata aduwa kusa da gidanmu. Ni kuwa in na ga igiya sai na taɓa. Daga gardamar tufka muka zama abokai. Yana ɗingishi mai tsanani, raƙumi ne ya kayar da shi shekara ashirin da suka wuce, kwatangwalo ya karye ya haɗe a karkace. Amma fuskarsa a sake take, ba a murtuke irin tawa ba. Na tambaye shi wane magani yake sha. Ya ce ba ya shan komai sai shayi, ciwon kuma yana nan bai je ko'ina ba, sai dai sun san irin zaman da suke yi da juna.

Abin da ya koya mini ba shi da suna, ko kuwa yana da shi bai faɗa mini ba. Sai ya aza butar shayi a kan gawayi, ya ce mu zauna duk yadda jiki ya yarda, mu yi shiru. Ba karatu, ba jan tasbaha, ya ce waɗannan suna da lokacinsu dabam. Kawai in bi numfashina, in san ya shiga, in san ya fita. In ciwo ya kira ni, in waiwaya in dube shi da kyau: a ina yake daidai, suka yake yi ko ƙuna, faɗinsa nawa. Kada in zage shi, kada in roƙe shi ya tafi. In hankalina ya tsere zuwa kasuwa, ko ya koma cikin rijiyar da ta rufto mini, in koro shi a hankali yadda ake koro akuyar da ta ratse, ban da duka. Da buta ta tafasa shi ke nan, an gama, sai a tashi a zuba shayi a sha.

Da farko dariya abin ya ba ni. Na yi ne don kada in ɓata masa rai, ga shayi kuma a ƙarshe. Amma da na yi wajen mako uku ina zama safe da la'asar, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Ashe ciwon da nake cewa ya cinye mini baya duka, in na dube shi sosai bai fi tafin hannu ba, kuma ba tsaye yake ba, yana hawa yana sauka. Bai tafi ba, kada in yi maka ƙarya. Amma na daina kokawa da shi, na koma fita masallaci, Rakia ta ce har daga gidan maƙwabta an ji dariyata. Na tambayi limaminmu ko akwai laifi a ciki. Ya ce muddin ba wani abu nake kira ba, kuma bai ci lokacin salla ba, shi dai bai san inda aka hana mutum ya yi shiru ba.

Da ruwa ya sauka bara, Attaher ya samu ƴan awaki daga wani danginsa, ya naɗe tantinsa ya koma ƙasarsu Azawak, can arewa. Ba shi da adireshi, ba kuma wanda zan aika. Ya bar mini butar. Daga nan ne na fara wayona.

Na sayar da tsohon dagina a kasuwar Lahadi na sayi agogon hannu, don in san iyakar abin da nake yi. Na aza buta, na duba: minti goma sha biyu. Majo, kunya ta kama ni. Mutumin da ya saba yini a cikin rami, a ce abin da ya sassauta masa azabar shekara uku bai wuce lokacin da Rakia take ɗauka ta dama fura ƙwarya guda ba. Sai na yi tunani irin namu. Mai haƙa in ya ga danshi ba ya ajiye dagi ya ce ya samu ruwa, ƙara nitsawa yake yi. Na ce minti goma sha biyun nan danshi ne kawai, ruwan yana can ƙasa, in na nitsa sosai ciwon zai tafi gaba ɗaya. Na mai da shi rabin awa. Na mai da shi awa guda. Kafin a gama girbin hatsi na kai awa biyu, ranar Juma'a kuma uku, tun bayan sallar asuba har rana ta yi zafi. Butar na ajiye ta, don da na bar ta a wuta da ta ƙone. A jikin bango nake zama, ƙafa a naɗe, ba na motsi ko kaɗan, domin na ɗauka motsi yana ɓata abin yadda magana take ɓata salla.

Ga inda nake yanzu. Rabin awar farko lafiya lau. Daga nan ƙugu ya fara ihu, ni kuma in cije in ce wannan marmara ce, sai an fasa ta a kai ga ruwa. A awa ta biyu ba numfashi nake bi ba, agogo nake bi. In na tashi sai na dafa bango, ƙafar hagu ta mutu tun daga cinya, sai ta ga dama take dawowa. Ranar da ba ni da ƙarfin awa biyu kuwa ba na yin komai, domin minti goma sha biyu ya zama mini wasan yara. Wanda a da yake zama sau biyu a yini, yanzu sau biyu ko uku yake zama a mako. Faɗan ya dawo. Rakia ta ce abin Buzun nan ya zama cuta, in bar shi kwata-kwata kafin in haukace, maƙwabta har suna tambayarta ko halwa na shiga.

Duk wannan da sauƙi, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Tun da sojan da ke mulki suka ce kowane gari ya kama noman rani, masu haƙa ba su da hutu. Sabo ne yanzu yake jagorancin mutanen da na bari. An ba shi rijiyoyi huɗu a wani kwari bayan Bambeye, ya zo har gida ya ce ni yake so a sama. Ba shiga zan yi ba, ya san na gama da wannan. Aiki biyu ne. Na ɗaya, in riƙa duba ƙasar da ke fitowa a guga in faɗi inda aka kai, domin a kwarin nan ruwa a kan wani siririn yumɓu yake kwance, in aka yi garaje aka huda yumɓun sai ruwan ya zurare ƙasa, rijiya ta tashi a banza. Mutanensa ba su san wurin tsayawa ba, ni kuwa ko da harshe na taɓa ƙasar ina gane ta. Na biyu, in riƙe igiya a kan takarkara, itacen nan da igiya take gudu a kansa, lokacin da ake saukar da mutum ko ake fito da ƙasa. Ya ce bai yarda da hannun kowa a kan igiyarsa ba kamar nawa. Daɗin da na ji ba ya rubutuwa. Shekara huɗu ba wanda ya ce yana bukatata.

Makon jiya muka yi gwaji, yasar wata tsohuwar rijiya a bakin gari. Na ce bari in yi guzuri. Na zauna awa biyu da rabi da safe don natsuwar ta ishe ni har yamma, na tashi, na jira ƙafar ta dawo, na tafi. Gab da azahar Sabo yana ƙasa, ina jawo guga cike da laka, ya taso wajen gaba uku daga kansa, sai ƙafar hagu ta ɗauke ɗif ina tsaye. Na durƙushe. Igiya ta gudu a hannuna gaba biyu kafin in samu in naɗe ta a jikin gungume. Tafin hannuna ya saɓule. Sauran mutane sun tafi zubar da laka, ba wanda ya gani. Da Sabo ya fito, laka a kafaɗarsa, ya tambayi abin da ya faru, na ce takarkarar ce ta cinye, igiya ta zame. Ya duba ta, ya ce lalle ta tsufa. Washegari ya sa aka sassaƙo sabuwa, ya kawo ta gida ya nuna mini yana murna.

Ba wanda na gaya wa, ko Rakia. Sabo yana da ƴaƴa biyar, ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Shi ne ya shiga ramin da ke zabgewa ya fito da ni. In na faɗa masa gaskiya zai ce in zauna gida, kuma ya yi daidai, ni kuwa na gaji da gindin bango, na gaji da cin gumin mace. In na yi shiru na je, ban san abin da ƙafar nan za ta yi ba ranar da shi ne a kan igiyar ba guga ba. Tsoro nake ji, Majo, ban taɓa jin irinsa ba ko a cikin rami.

To ga tambayata. Wannan zama, minti nawa ya kamata mai ciwo irina ya yi? Zuciya ɗaya tana gaya mini ban nitsa sosai ba ne, in na kai awa huɗu kullum daga nan zuwa ran biyar, ciwon da mutuwar ƙafar za su wuce tare, ba sai na gaya wa kowa komai ba. Ɗaya zuciyar tana cewa Rakia ce da gaskiya. Ka faɗa mini adadi kawai, ina da agogo, zan bi.

Naka,
Mai Igiya, Tawa

AMSA

Ɗan'uwa Mai Igiya,

Rubutunka ba shi da laifi, na karanta shi sau biyu ban yi tuntuɓe ba. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Ka ce in ba ka adadi, zan ba ka, amma kada ka tsaya nan ka ninke jaridar, domin maganar da ta fi adadin nauyi tana ƙasa.

Adadin shi ne wanda aka ba ka tun farko: buta ɗaya, safe da la'asar, kullum. In kana son sa da bakin agogo, minti goma zuwa goma sha biyar. Ba daga wani littafi na ciro shi ba. A makarantar da na yi ba a koya mana wannan zama ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na san sirrinsa ba. Daga wasiƙarka na ciro shi. Lokacin da kake yin buta ɗaya sau biyu a yini, ka koma masallaci, maƙwabta sun ji dariyarka. Da ka kai awa uku, kana dafa bango, kana faɗa, ƙafa tana mutuwa. Da wani ne ya kawo maka irin wannan labari a kan rijiyoyi biyu, ba sai majo ya gaya maka wadda za a sha ba.

Da wasiƙarka ta zo na ce bari in gwada, tun da ni ma ina da gwiwar da ke gaishe ni kowace safiya. Kwana biyar na yi ina aza buta. Ranar farko hankalina ya je kasuwar albasa ya dawo ya fi sau ashirin, uwargida kuma ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Abin da na gane shi ne minti goma sha biyun nan da ka raina ba ƙaramin aiki ba ne, in da gaske mutum yake bin numfashinsa. Kai da kanka ka ce a awa ta biyu agogo kake bi. To wannan ba zaman Attaher ba ne, jimiri ne kawai, jimiri kuwa kana da shi tun tasowarka, ba shi ka rasa ba.

Ban ce dogon zama banza ne ba. Akwai bayin Allah da ke shiga halwa su yini, akwai makiyayan da za su zauna daga hantsi har azahar ba su ji komai ba. Amma waɗannan a hankali suka kai can, cikin shekaru, kuma ba marmara ce ta sauko musu a ƙugu ba. Baya mai tsohon rauni ba ya son tsayawa wuri ɗaya. In ka daskarar da shi awa biyu, naman wurin ya ɗaure, jijiya ta matsu, sai ya rama. Wataƙila nan gaba, bayan wata uku ko huɗu kana yi kullum, ka ji kana son ƙarin minti biyar. Ka ƙara, ba laifi. Abu biyu za ka duba: ka tashi a kan ƙafafunka ba dafa bango, kuma gobe ka ji kana son komawa. Duk tsawon da ya sa ka tsallake rana, ya yi maka yawa.

Batun motsi kuma, cire shi daga ranka. Wannan ba salla ba ce, ba abin da ke karya shi. In ƙugu ya ce a gyara, ka gyara, ka san ka gyara, ka koma ga numfashi. Ka yi shi a kan kujera, ko kwance a tabarma da gwiwoyi a ɗage, ko kana takawa a hankali daga ƙofar gida zuwa gindin aduwar abokinka. Ranar da ciwo ya taso sosai, minti biyar ma ya isa. Kuma ba a guzurinsa. Na ga mutane da yawa a likita waɗanda aka ba maganin kwana bakwai suka haɗiye shi rana ɗaya don su warke da wuri, mu muka sha wahalarsu daga baya. In kana son natsuwa a bakin rijiya, can za ka neme ta, numfashi goma tsakanin guga da guga.

Rakia tana da rabin gaskiya, kuma rabin nata babba ne. Abin da take gani a jikin bango ya zama cuta, ta faɗi daidai. Inda ban bi ta ba shi ne a bar shi kwata-kwata, domin ita ce ta fara shaida amfaninsa. Ka karanta mata wannan amsa, ka roƙe ta gafarar faɗan da ya dawo. Ka ce ka gaji da cin guminta, amma na duba wasiƙarka ban ga inda ka ce mata sannu ba.

Akwai abin da nake so ka haƙura da shi tun yanzu. Babu wani ruwa a can ƙasa da in ka kai gare shi ciwon zai tafi gaba ɗaya. Attaher bai yi maka wannan alkawari ba, ya ma gaya maka nasa yana nan bayan shekara ashirin. Abin da zaman ya yi maka shi ne ya mai da ciwon tafin hannu, ya bar maka sauran jikinka da sauran yininka. Ka samu wannan, ka ɗanɗana, sai ka ce danshi ne. Abin mamaki, ɗan'uwa, ƙanenka yana neman ka ne saboda kai kaɗai ka san wurin da ake ajiye dagi kada a huda yumɓu ruwa ya zurare. A rijiyar mutane ka san wurin. A taka ka huda.

Yanzu ƙafa. Mai yiwuwa dogon zaman ne yake kashe ta, in ka daina ta daina. Mai yiwuwa kuma tsohon raunin ne yake danne jijiya, wannan kuwa ba wanda zai gane shi daga nesa, ba ni ba, ba Attaher ba. Ƙafar da ta ɗauke kana tsaye kana aiki, awowi bayan ka tashi daga zama, ba abin jira ba ce. Ka je likita makon nan, ka nemi ganin lokotoro, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini, har da durƙushewar. In ka ga mutuwar ta koma ɗaya ƙafar, ko fitsari ya fara ƙwace maka ko ya ƙi fita, a ranar za ka tafi.

Awa huɗun nan kuwa, ni da kai mun san ba magani kake nema da ita ba. Hanyar kauce wa Sabo kake nema. Ban ga laifinka sosai ba, mutumin da ya yi shekara huɗu ba a neme shi ba, ranar da aka neme shi da hannu biyu zai riƙe. Amma akwai mutum a ɗaya bakin igiyar, kuma yana can yana murna da sabuwar takarkara, ya ɗauka ya gyara abin da ya lalace. Kada ka sake riƙe igiyar da ke ɗauke da mutum, ko guga a bisa kan mutum, har sai lokotoro ya duba ka, ƙafar kuma ta yi wata biyu cur ba ta ɗauke ba. Duk sauran maganganuna kana iya aunawa ka zaɓa, ban da wannan.

Ban ce ka zauna gida ba. Aiki biyu ya ba ka, ɗaya ne ya fi ƙarfinka yanzu. Mai jan igiya za a samu a kowane ƙauye, wanda zai taɓa ƙasa ya ce a tsaya nan shi ne ba su da shi. Ka yi shirin Bambeye da kujerarka, ka zauna bakin rami a riƙa kawo maka ƙasa, ka koya musu abin da ubanka ya koya maka. Mai yiwuwa Sabo ya yi fushi da ƙaryar takarkara. Yana da haƙƙi, ka bar shi ya yi. Mai yiwuwa ma ya ce ka haƙura da bana, ba zan iya lamunce maka abin da zai ce ba. Abin da na sani shi ne wanda ya shiga rami yana zabgewa don ya fito da kai, ya kamata ya san irin ƙafar da ke tsaye a bisa kansa.

Ka ba Rakia agogon ta ajiye maka, ka sauko da butar. Ina jin ba don rashin agogo Attaher yake auna zamansa da ita ba. Agogo ba ya cewa ya isa. Buta kuwa in ta tafasa dole ka tashi, ka zuba, ka miƙa wa wani. Gobe da la'asar ka aika wa Sabo ya zo, ka aza ta, ka yi minti goma sha biyunka. In ta tafasa ka zuba masa finjalin farko, ka buɗe tafin hannunka ka nuna masa inda igiya ta ci, ka gaya masa ba takarkara ba ce.

Allah ya ba ka sauƙi, ya ba ku ruwa mai daɗi a rijiyoyin nan huɗu, ya fito mana da duk wanda ya shiga.

Majo Ciɗo